Amsar Takardunku: Shirin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Kai Ƙarar Rabuwar Aure

Takardar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye da ke yankin Funtuwa, wadda ta roƙa a sakaya sunanta. Ta ce shekararta tara da aure, 'ya'yanta uku. Maigidan ya daina ba da cefane tun kaka biyu da suka wuce, ga duka idan ta yi magana. Ta yi yaji sau uku, ana biko tana komawa, ba abin da ya sake. Yanzu ta yanke shawarar zuwa gaban alƙali, tana tambaya: me ya kamata ta shirya kafin ta tafi?

To malama, mun gode da wannan takarda, Allah Ya kawo miki mafita. Ba mu ji ta bakin maigidanki ba, saboda haka ba za mu yanke hukunci a nan ba. Bayani kawai za mu yi bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Arewa ke bi, kamar yadda ya zo a littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa.

Abu na farko, ki san ta ƙofar da za ki shiga, domin ita ce za ta nuna wanda zai biya da wanda za a biya. Ƙofofin guda uku ne. Akwai sakin da miji ke yi da kansa. A nan ba a karɓar ko kwabo daga hannun mace. Akwai hul'i, wato mace ta fanshi kanta, yawanci ta mayar da sadaki, don ta ga ba za ta iya zama ba ko da mijin bai cuce ta ba. Asalinsa shi ne matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta mayar masa da lambun da ya ba ta sadaki a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ta uku, alƙali ya raba aure saboda cuta, kamar duka, ko zagi mai muni, ko rashin ci da tufafi. Idan cutar ta tabbata, mace ba ta biyan kome.

Ga inda mata da yawa ke yin asara. Mace ta zo ranta a ɓace, alƙali ya tambaye ta me take so, ta ce ita dai a raba su kawai, ta gaji. Shi ke nan sai magana ta koma hul'i, ubanta ya sayar da sa ko ya jinginar da gona don a mayar da dukiyar aure, alhali ita aka cuta. In abin da kika rubuto haka yake, to ƙararki ta cuta ce da rashin ciyarwa, kuma haka za ki faɗa tun ranar farko. Malamanmu ma sun ce wadda ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cewa cuta ce ta tilasta mata, ana mayar mata da abin da ta biya. Amma gara a yi daidai tun farko, tun ran gini ran zane.

Na biyu, shaidu. Alƙali ba ya hukunci da hawaye, da hujja yake yi. Zauna ki tuna: wa ya taɓa raba ku ana dukanki? Wane maƙwabci ne kike cin bashin hatsi a wurinsa? Wa ya zo biko, me aka yi alkawari a gabansa? Ki nemi maza biyu adalai waɗanda za su yarda su tsaya, ki kuma yi musu magana tun kafin a ba da sammaci. Iyayenki za su raka ki, amma ba a karɓar shaidar uba ga 'yarsa. Game da cuta, Malikiyya ta yi sauƙi: ana karɓar shaidar ji, wato mutanen kirki su ce labarin ya bazu a unguwa, mata da maƙwabta duk sun san ana cutar wance. In kin taɓa zuwa asibiti saboda rauni, ki adana katin. In kuwa dukan ya kai ga kina tsoron ranki, kada ki tsaya shirin kome, ki kwashi yara ki tafi gidanku tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Na uku, sulhu. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i aya ta 35, ya yi umurni a tsayar da mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, su duba lamarin. Ki sanar da waliyyinki, a kira wakilin da ya karɓi auren, in ya yiwu a zauna gaban liman ko mai unguwa. A Kano da wasu jihohi hukumar Hisba ma tana irin wannan zama. In an shirya, alhamdu lillahi. In ba a shirya ba, waɗanda suka zauna sun ga ƙoƙarinki, kuma ko kin je kotu alƙali zai fara neman sulhun ne.

Na huɗu, lissafin dukiya. Aure ba ya haɗa dukiyar mace da ta miji. Sadakinki naki ne, in akwai saura ajalan bashi ne a kansa. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki, da awakinki, da kajinki, da jarin ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, da kwasar adashinki, duk naki ne. Sa wani mai karatu ya rubuta miki su ɗaya bayan ɗaya, ko da ajami ne: akuya nawa, wa ke kiwonsu, tiya nawa ta gyaɗa kika ba maigida rance ranar shuka, gaban wa. Ki tuna nawa aka yanka sadaki da waɗanda suka halarta, domin in magana ta kai ga hul'i a kan wannan za a yi gardama. Idan aka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, ka'ida ita ce abin da aka san na mata ne a ba mace ta rantse, na maza a ba miji ya rantse. Kada kuma ki ɗauki abin da ba naki ba don huce haushi, zai ɓata miki shari'a.

Na biyar, yara, wanda shi ya fi kome nauyi. An saba a ƙauyukanmu da an yaye yaro sai uba ya aiko a karɓe shi. Wannan al'ada ce. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ci da sha da tufafinsu kuwa suna wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa. Idan kika auri wani bare, renon yakan koma hannun mahaifiyarki, in tana da hali. Saboda haka ki yi shawara da ita tun yanzu. Ki roƙi alƙali ya yanka abin da uban zai riƙa bayarwa, kuɗi ne ko hatsi, a rubuta. Ki lura kuma kada wajen neman hul'i ki yarda ki sarayar da renon 'ya'yanki cikin fushi, ki zo kina nadama.

Na shida, idda da inda za ki zauna. Iddar mai ganin al'ada tsarki uku ce, ta wadda ba ta gani wata uku, ta mai ciki kuwa sai ta haihu. A sakin da ake iya kome, ci da wurin kwana suna kan miji har idda ta cika. A hul'i babu kome sai da sabon ɗaurin aure, kuma babu ciyarwa sai in akwai ciki. In kina zaton kina da ciki, ki faɗa a gaban alƙali. Ki kuma sani, in rashin ciyarwa kaɗai kika kai ƙara, alƙali zai ba miji wa'adi tukuna. Ko an raba, in ya sami hali cikin idda yana iya mayar da ke. Rabuwar da aka yi saboda cuta kuwa babu kome a cikinta. Ki tanadi ɗan guzuri, domin shari'a ba a gama ta rana ɗaya: akwai kuɗin ƙara, da na mota, naki da na shaidu, ga damina in ta kama shaidu suna gona. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Ran da aka gama ki karɓi takardar hukunci ki ɓoye, ita za ta kare ki ranar da wani zai ce har yanzu da aurensa a kanki. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, amma akwai wa'adi, sai a tambayi magatakardan kotu nan take.

Kai kuma maigida da ke jin mu, kada ka ce wannan magana ta mata ce. In har ka ga ba makawa, kada ka yi saki cikin fushi, ko tana cikin al'ada. Ka bari ta yi tsarki ba ka kusance ta ba, ka yi saki ɗaya, ka kafa shaidu, ka bar ta ta yi idda a ɗakinta. Wanda ya furta uku a lokaci guda ya saɓa, kuma a Malikiyya ukun sun auku. Gobe in zuciya ta huce babu hanya.

Su kuwa 'yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista, tasu hanyar daban ce: Babbar Kotun jiha ce ke raba irin wannan aure, bisa dokar 1970, don haka sai su nemi lauya.

Malama, ki sami malamin da kika amince da shi a garinku ki karanta masa duk abin da ya faru, ki kuma yi istihara kafin ki ɗaga ƙafa. Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, Ya raya zuriya. Masu sauraro, sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.