Yadda Saƙonnin Jama'a Suka Zama Taswira A Haiti

A ranar 12 ga Janairu, 2010, wata mummunar girgizar ƙasa ta ragargaza Port-au-Prince, babban birnin ƙasar Haiti. Da ma'aikatan agaji suka iso, sai suka tarar taswirorin da ke hannunsu ba su nuna lunguna da unguwanni da yawa ba, ga shi kuwa mutane na ƙarƙashin ɓaraguzan gine-gine suna jiran ceto.

Nan da nan ɗaruruwan 'yan sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka duƙufa a kan OpenStreetMap, wato taswirar intanet wadda kowa ke iya ƙara mata bayani. Suna duban hotunan tauraron ɗan'adam, suna zana tituna da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli.

A Amurka kuma, ɗaliban Jami'ar Tufts suka ɗauko manhajar Ushahidi, wadda Ory Okolloh da abokan aikinta suka ƙirƙiro a 2008 domin tattara rahotannin rikicin bayan zaɓen Kenya. Aka ware lambar waya 4636 inda mai neman taimako zai aika saƙo kyauta. 'Yan Haiti mazauna ƙetare suka riƙa fassara saƙonnin daga harshen Kiriyol zuwa Turanci, suna kuma gano wurin da mai saƙon yake nufi. Sa'an nan a rarraba su: na ruwa, na abinci, na magani, na waɗanda gini ya danne. Kowane rahoto sai a ɗiga masa alama a taswira, inda kuwa rahotanni suka taru sai alamar ta zama babbar da'ira.

To, amma karanta irin wannan taswira sai da lura. Girman da'ira yawan saƙonni yake nunawa, ba lalle ne ya nuna tsananin ɓarna ba. Wanda ya aika saƙo yana da waya mai caji, ya kuma ji labarin lambar. Unguwar da ba a ga ɗigo ko ɗaya a kanta ba, mai yiwuwa can ne abin ya fi muni. Bugu da ƙari, mutum goma na iya ba da labarin gida ɗaya.

Saboda haka jami'in da aka miƙa wa irin wannan taswira, wajibi ne ya tambayi su wa suka aiko da bayanin, ya kuma tura mutane su duba wuraren da suka yi shiru kafin ya raba kayan agaji.