Kifin Wawan Sarki Da Sharaɗin Tara Shi Wuri Guda

A cikin Bahar Maliya, wadda alhazai ke ƙetarewa zuwa Jidda, da tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, akwai wani ɗan kifi mai launin ruwan goro da ratsin fari, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da sunan wawan sarki saboda adonsa. Irinsa wajen 30 ne. Mazauninsa wata halitta ce mai kama da fure, mai harbi kamar kunama, amma shi yauƙin jikinsa ya kan tsare shi.

Masu sha'awa su kan saye shi su ajiye cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, watau gishiri giram 35 cikin kowace lita. Sau da yawa mutum ya kan zuba biyar ko shida, kafin a jima sai ya tarar saura biyu. Ga dalili.

Kifayen nan zaman daraja su ke yi. Mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuwa ba su haihuwa, jiran gado su ke yi. A 1977 Hans Fricke da Simone Fricke suka bayyana cewa idan macen ta mutu, mijin ya kan rikiɗa ya zama mace, na ƙasa da shi ya gaje matsayinsa. A 2003 kuma Peter Buston ya nuna na ƙasa ya kan tauye girman kansa, don kada ya kamo na sama a kore shi. A teku wanda aka kora ya kan fita, ko da ya ke da hatsari. Cikin gilashi kuwa ba mafita, sai a yi ta cizonsa har ya hallaka.

Saboda haka masu kiwo suka ce mafi sauƙi a ajiye biyu, babba da ƙarami. Wanda ya nace sai garke, to, ya nemi ƙanana 'yan ƙyanƙyasa ɗaya, ya zuba su rana ɗaya cikin akwati mai faɗi da maɓoya da yawa, ya wadata su da abinci. Kada ya gama iri biyu, kada ya kawo baƙo daga baya, kada kuma ya haɗa mata biyu, gama wadda ta zama mace ba ta komawa namiji, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk da haka ya tanadi wani akwati saboda ranar da za a kori wani.