Daga ɗakin kulob zuwa Pittsburgh

Gift Ngoepe ya tashi a wani ɗan ɗaki cikin ginin kulob ɗin besbol na Randburg, Afirka ta Kudu, inda mahaifiyarsa ke aikin kula da wurin. Filin wasan shi ne tsakar gidansa.

Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka ta ɗauke shi a 2008, bayan ya yi fice a sansanin horo a Italiya. Sai dai besbol wasan haƙuri ne: shekara takwas ya yi a ƙananan rukunoni, yau nan gobe can cikin bas, albashi ba yawa. Ana cikin haka mahaifiyarsa ta rasu a 2013.

Ran 26 ga Afrilu 2017 ya shiga babban rukuni, baƙar fata haifaffen Afirka na farko. Zuwansa na farko bugu, gaban Chicago Cubs, ya yi nasarar buga ƙwallon.