Dodannin Landan da aka tsinto a Jos

A ranar 11 ga Oktoban 2013 hukumar BBC ta sanar da duniya cewa an gano kashi tara na tsohon wasan kwaikwayonta na talabijin mai suna Doctor Who, waɗanda aka fi shekara talatin da fid da rai da su. An same su ne a nan ƙasarmu, cikin gwangwanayen fim da ke jere a kan kanta a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin tsofaffin tashoshi yana neman abin da aka manta, shi ya gan su. Biyar daga ciki na labarin The Enemy of the World ne, huɗu kuma na The Web of Fear. A kan wannan na biyun nake son mu tattauna da mai karatu, domin shi ne labarin da sunansa ya yi shekaru yana yawo a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, kuma yanzu da ya hau faifan bidiyo ana iya auna ko zuƙi ta malle ce ko kuwa yabon ya cancanta.

Ga wanda bai san shirin ba, Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka fara nunawa a Birtaniya ranar 23 ga Nuwamban 1963. Jigonsa wani baƙo ne da ba ɗan wannan duniya ba, ana ce masa Dakta kawai, yana yawo tsakanin zamunna da duniyoyi cikin wani jirgi da a waje ya yi kama da rumfar wayar 'yan sandan Ingila, a ciki kuwa ya fi waje girma nesa ba kusa ba. Dabarar da ta sa shirin ya daɗe ita ce, idan ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dakta ya gaji, sai a ce jikin Dakta ya sabunta, wani ya karɓa. A labarinmu Patrick Troughton ne, Dakta na biyu, ɗan gajeren mutum mai wando burgujeje, wanda ke ɓoye kaifin basirarsa a bayan shiririta.

An nuna The Web of Fear daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris na 1968, kashi shida, kowane Asabar kashi ɗaya na kimanin minti 25, ba launi. Mervyn Haisman da Henry Lincoln suka rubuta, Douglas Camfield ya ba da umarni. Ci gaba ne na wani labari na 1967, The Abominable Snowmen, inda Dakta ya yi arangama a tsaunukan Tibet da wani abu marar jiki da suka kira Great Intelligence, wato Babban Hankali. Tun da ba shi da hannu ba shi da ƙafa, sai ya ƙera mutum-mutumi masu gashi buzu-buzu, a siffar Yeti, dodon ƙanƙarar nan da ake ba da labari a yankin Himalaya, yana sarrafa su da wata ƙwallon ƙarfe da ake cusawa a ƙirjinsu. Wani masani, Farfesa Travers, ya dawo da ɗaya Ingila, bayan shekaru masu yawa kuma karambani ya sa ya tada ƙwallon. Kafin a ankara wani hazo ya lulluɓe Landan, an kwashe mutane, wani abu mai kama da yanar gizo-gizo yana cike hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha bayan tasha. 'Yan sojoji kaɗan ne suka rage a wata mafaka ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarƙashin Goodge Street, suna duban taswirar layukan jirgi tana mutuwa fitila bayan fitila, kuma sun tabbata a cikinsu akwai wanda ke yi wa abokin gaba aiki.

Iyakar labarin ke nan, kuma a takarda bai fi tatsuniyar dodo ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne wurin da aka ajiye dodon. Yaron Landan da ya kalli shirin ranar Asabar, ranar Litinin zai shiga wannan jirgin da uwarsa, ya karanta sunayen tashoshin nan a bango. Hukumar sufurin birnin ba ta sauƙaƙa wa BBC ɗaukar hoto a ramukan na gaskiya ba, sai mai tsara dandali, David Myerscough-Jones, ya gina nasa a ɗakin ɗaukar shiri, ya kuma gwanance har ana ba da labarin cewa hukumar ta yi ƙorafi tana zaton an shiga mata rami a sace.

To, yaya aka yi abu irin wannan ya ɓata? Mai karatu kada ya ɗauka gobara ce ko ambaliya, da gangan aka shafe shi, bisa tsarin ofis. A wancan zamani zaren bidiyo mai faɗin inci biyu yana da ɗan karen tsada, don haka idan an nuna shiri sai a goge a ɗora wani. Yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, babu kuma wanda ya hango ranar da mutum zai sayi shirin talabijin ya kai gida. Abin da ya rage shi ne kwafin da ake ɗauka a zaren majigi mai faɗin milimita 16 domin sayarwa ƙasashen waje. Da talabijin mai launi ya kankama, kasuwar baƙi-da-fari ta faɗi, sai aka bi waɗannan ma aka yi ta lalatawa a shekarun 1970, har zuwa 1978 da aka tsayar da abin. Daga kashi 253 na shekaru shidan farko na shirin, 106 ne babu su kafin sanarwar Jos, wadda ta sauko da adadin zuwa 97. Shekara biyar kacal bayan an daina lalatawa, wato a 1983, BBC ta fitar da kaset ɗin bidiyo na farko na Doctor Who, ta gane cewa dukiya ta yi ta zubarwa a bola.

Kwafin da ake sayar wa ƙasashen waje kuwa yawo yake yi, wannan tasha ta gama ta miƙa wa waccan, ta ƙarshe kuma an umarce ta ta mayar ko ta lalata. A Jos ba a yi ko ɗaya ba. A nan ya kamata mu yi wa kanmu adalci, kada murna ta ɗebe mu. Babu wata alama da ke nuna an adana gwangwanayen ne saboda an san darajarsu, mantuwa ce ta yi aikin da hikima ba ta yi ba. Zaren fim na wancan zamani maƙiyinsa zafi da laima, idan suka haɗu sai ya fara warin tsami ya motse ya lalace, kuma ina kyautata zaton sanyin tudun Jos, mai tsayin sama da mita dubu daga teku, ya taimaka. Ba kuma wannan ne karon farko ba, domin a tsakiyar shekarun 1980 ma daga Najeriya aka mayar wa BBC wasu sassa na The Time Meddler da The War Machines.

Akwai wani abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe. Duk tsawon shekarun da hoton ya ɓata, muryar ba ta ɓata ba. Wasu masu kallo, yawancinsu matasa, sun riƙa kanga rakoda a jikin akwatin talabijin suna ɗaukar sauti, kuma da irin wannan ɗauka aka tsirar da sautin kowane kashi da ya salwanta. Don haka mutane sun yi shekaru suna sauraron The Web of Fear kamar wasan rediyo, ko su karanta littafin da Terrance Dicks ya mayar da shi a 1976, ko su kalli kashi na farko, wanda shi kaɗai ya tsira. Wanda kuma ya saurara da kunnen basira zai ji cewa an raba wa kowa matsayinsa ne ta karin harshe. Hafsoshi suna magana da Ingilishin makarantun manya, Saje Arnold da na ƙasa da shi suna magana da harshen bariki. Jamie, abokin tafiyar Dakta, ɗan tsaunukan Sikotland ne na shekarar 1746, da lafazinsa. Direba Evans mutumin Wales ne, an kuma ɗora masa tsoro da son kai da barkwanci, kamar yadda wasanninmu kan ɗora wa Bagwari ko Bafillace wani hali da zarar ya buɗe baki. Mafi muni shi ne Silverstein, mai gidan kayan tarihi a kashi na farko, wanda aka zana da tsohuwar siffar nan ta Bayahude mai kwaɗayin kuɗi. Wannan tabo ne, kuma faifai ba ya ɓoye tabo. A ɗaya gefen akwai Anne Travers, 'yar Farfesa, masaniyar kimiyya, wadda wani kyaftin ya tambaya me ya kawo yarinya irinta wannan aiki, ta ba shi amsar da ta rufe masa baki a jimla ɗaya.

Abin da kunne bai iya bayarwa ba shi ne aikin Camfield, wanda ya taɓa zama soja kuma ya san yadda soja ke tafiya. A kashi na huɗu, Kanar Lethbridge-Stewart ya fito da mutanensa saman ƙasa a unguwar Covent Garden, dodannin suka rutsa su. A sauti, ƙarar bindiga ce kawai da ihu. A hoto kuwa ana ganin yadda harsashi da gurneti ba sa tsayar da su, ana ganin sojoji na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan Kanar ya dawo mafaka shi kaɗai, fuskarsa ta mutumin da iliminsa na yaƙi ya ƙare. Haka ma fuskar Troughton, wadda rabin wasansa a cikinta yake. A ƙarshen labarin ya zauna cikin na'urar da Babban Hankali ya tanada domin zuƙe masa ƙwaƙwalwa, alhali ya riga ya sauya wayoyin a asirce domin reshe ya juye da mujiya. Abokansa da ba su sani ba suka fizgo shi da niyyar ceto, abokin gaba ya kuɓuce. Haushin da ke fuskarsa a lokacin da kowa ke taya shi murna, ba rakodar da za ta kama shi.

Sai dai kallon gida yana canza labari ta hanyoyin da marubutansa ba su shirya ba. An gina shi ne domin a jira mako guda tsakanin kashi da kashi. Wanda ya zauna ya kwashe shidan a dare ɗaya zai lura da yawan shiga rami da fitowa, da yadda Dakta ya ɓace kusan gaba ɗaya a kashi na biyu saboda Troughton ya tafi hutu. Babbar asarar ita ce ta zargi. A 1968 ba wanda ya san Kanar, ya ɓullo daga duhu ba takarda ba shaida, kuma an shirya ne mai kallo ya yi zaton ko shi ne maci amanar. Amma Nicholas Courtney ya ci gaba da fitowa a wannan matsayi, aka ƙara masa girma zuwa Birgediya, ya zama aminin Dakta na shekaru da dama. Mai kallon yau ya san wannan, don haka ƙofa ɗaya ta shakka a rufe take tun kafin a fara. Duk da haka labarin ya tsaya da ƙafarsa, ko da yake a ganina ɗan'uwansa The Enemy of the World ne ya fi cin ribar dawowa, domin shi ba a yi masa dogon zato ba.

Ba zan wuce ba tare da na ce wani abu a kan namu ba, tun da a garinmu aka yi tsintuwar. A Jos ɗin nan ne Hukumar Finafinai ta Najeriya take da ma'ajiyarta ta ƙasa, kuma a cikin ajiyar hukumar ne aka gano zaren fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai da wata cibiya a Jamus ta sa hannu aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Wasannin Samanja da na Kasimu Yero da muka tashi muna kallo taska ce ta Hausar birni ta shekarun 1970 da 1980, da karin maganarta da Hausar barikinta, irin wadda babu ƙamus da ya tattara. Turawa sun ƙirga nasu kashi-kashi, har suka san 97 ne babu a 2013. Tambayar da ya kamata shugabannin tashoshinmu su amsa ita ce, nawa ne namu, nawa suka rage, kuma a wane ɗaki suke?

Faifan The Web of Fear ya fito a Birtaniya a Fabrairun 2014, an wanke hoton an gyara sautin, amma da giɓi a tsakiya. Kashi na uku, wanda a cikinsa fuskar Kanar ta fara bayyana, babu shi. A 2015 Morris ya bayyana cewa ya gan shi tare da sauran a Jos, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kwaso gwangwanayen, kuma yana zaton an sayar wa wani mai tara kayan tarihi ne. A faifan 2014 an cike gurbin da hotunan da wani mai ɗaukar hoto, John Cura, ya ɗauka daga fuskar akwatin talabijin a 1968, aka jera su a kan sautin. A bugun 2021 kuma aka zana kashin da kwamfuta, zanen da masu kallo da yawa suka ƙi, saboda mutanen cikinsa suna motsi kamar 'yan tsana. Ni dai idan na zo wurin, hotunan Cura nake zaɓa, domin ko ba sa motsi fuskokin mutanen ne na gaskiya.