Madubin Miliyan Uku a Kan Bindigar Toka

A wata ziyara da na kai gida Bakori bayan girbin masara, wani ƙanena da ke aiki a Kaduna ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, dubi abin da maharbanmu ke buƙata." Hoton madubin saitin bindiga ne ƙirar Swarovski ta ƙasar Ostiriya. Shawararsa ita ce mu 'yan boko mu yi karo-karo mu saya wa masu gadin ƙauyenmu.

Ban yi masa dariya ba, domin na san inda zuciyarsa take. A watan Fabrairun 2023 'yan sanda sun tabbatar da kisan 'yan sa-kai 41 daga ƙauyukan Bakori, waɗanda suka bi sawun ɓarayin shanu har dajin 'Yargoje da ke Ƙanƙara, aka yi musu kwanton ɓauna. Tun kafin nan, a 2021, Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce jama'a su nemi makamai su kare kansu.

Gaskiya ne, mai sayen Swarovski ko Zeiss ko Schmidt & Bender ba suna kawai yake saye ba. Gilashinsu na tattara haske da almuru lokacin da na araha ya dushe, saitinsu ba ya gocewa komai jijjigar harbi, kuma raɓa ba ta shiga cikinsu. Baturen da ke dakon barewa daga nisan mita 300 da magariba ya san abin da ya biya. Amma manyan samfurinsu sukan haura dala 2,000, wato fiye da naira miliyan uku a canjin 2024, kuɗin da zai sayi babura biyu har da canji.

To, a kan wace bindiga za mu ɗora shi? Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin yaƙi a rukunin da sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto-Janar na 'yan sanda, ta toka kuwa sai na Kwamishina. Abin da ke kafaɗar maharbin ƙauye dai bindigar toka ce, in ya yi arziki mai harsashin watsi, wadda amfaninta bai cika wuce mita 50 ba. Ɗora mata madubin miliyan uku tamkar ɗaura wa jaki sirdin hawan Sallah ne. Ga kuma ƙasar tamu: da damina dawa ta fi mutum tsawo, da hunturu hazo ya rufe sararin. Madubi na kusanto da abin da ido ke iya gani ne, ba ya huda karan dawa. Wanda aka yi wa kwanton ɓauna kuwa labari ya rasa, ba ƙarfin gani ba.

Tun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, ni a ganina maganar makami a bar ta ga masu horo da izini. Na gaya wa ƙanena haka a gaban wani dattijon maharbi, abokin mahaifinmu. Da na tambaye shi, "Baba, me kuka fi buƙata?" sai ya lissafa da yatsu: tociloli masu ƙarfi, katin waya, man babur, da kuɗin maganin wani yaronsu da ke kwance a Funtuwa tun wata biyu.