Ciwon Siliyak da Rayuwa Bayan Barin Alkama

Daga cikin cututtukan da suka daɗe suna ɗaure wa masana ilimin likitanci kai akwai wanda ake kira siliyak, wanda asalinsa shi ne garkuwar jikin mutum ta ɗauki wani sinadari mai suna gulutin, da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai, a matsayin abokin gaba, har ta far wa bangon ƙaramin hanji ta lalata 'yan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Sai a ga mutum yana ci yana ramewa, jininsa na raguwa, gudawa da kumburin ciki ba sa rabuwa da shi, idan yaro ne kuma ya ƙi girma. An ƙiyasta cewa yana kama kimanin mutum 1 cikin 100.

Likita Samuel Gee na birnin Landan ya siffanta alamominsa a 1888, amma sababin bai tabbata ba sai a hannun Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan, wanda ya lura cewa a lokacin yunwar da aka yi a ƙasar a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yaran da ke jinya suka sami sauƙi, da ya dawo kuwa ciwon ya dawo. Kada wani ya zaci larurar Turawa ce kaɗai, domin wani bincike da aka buga a 1999 ya same ta a jikin kashi 5.6 cikin ɗari na yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara.

Likitoci sun yi ittifaƙi cewa larurar ba ta da magani face barin gulutin har ƙarshen rayuwa, kuma a nan Bahaushe ya yi sa'a, tunda gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo duk babu shi a cikinsu. Wanda zai yi bankwana da gurasa da alkaki da funkaso da taliya da tuwon semo, ga tuwon dawa da fura da ƙosai suna jiran sa. Haƙiƙanin wahalar tana cikin fulawar da ba a gani: wadda ake zubawa a ɗanwake, da wadda wasu ke ƙarawa a ƙullun waina, da man da aka soya fanke a ciki sannan aka soya ƙosai, da uwa uba injin niƙan unguwa, inda geron maras lafiya ke bin bayan alkamar maƙwabci. Ƙa'idar duniya ba ta yarda a kira abinci maras gulutin ba sai in gulutin da ke cikinsa bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, saboda haka “ɗan kaɗan ne” ba hujja ba ce.

Abin da na fi tausaya wa mai wannan larura a kansa shi ne kunya, a ƙasar da mayar da akushin mai gida ke zama abin magana. Wajibi ne ya fayyace uzurinsa, dangi kuma su daina lallashinsa da “ko loma ɗaya”. Wanda yake zargin ciwon kada ya bar alkama kafin a gwada jininsa, domin barinta na ɓoye shaidar. Idan an tabbatar, a gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, tunda ana gadonsa, kuma ya yi haƙuri da jikinsa, domin hanjin yaro kan warke cikin watanni, na babba kuwa yakan kai shekara 2 ko fiye.