Gambiya a Cikin ECOWAS: Abin da Ƙaramar Ƙasa Take Samu da Abin da Take Bayarwa

Ran 28 ga watan Mayu, 1975, ƙasashe 15 suka ƙulla yarjejeniya a Legas, suka kafa Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. Gambiya tana cikinsu. Ita ce mafi ƙanƙanta a babban yankin Afirka, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 11,300 ba, kuma Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. To, wane amfani ƙasa irin wannan take samu a ƙungiyar da manya kamar Nijeriya suke ciki?

Amfani na farko shi ne zirga-zirga. Bisa ga yarjejeniyar 1979, ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ɗan Gambiya kuwa ba shi da hanyar fita ta ƙasa sai ya ratsa Senegal, saboda haka wannan doka ta shafi cinikinsa da zumuncinsa na yau da kullum.

Na biyu shi ne murya. A taron shugabanni kowace ƙasa kujera ɗaya gare ta, komai ƙanƙantarta. A Banjul ne aka kafa rundunar ECOMOG a 1990, lokacin da Shugaba Dawda Jawara yake jagorantar ƙungiyar, aka aike ta Laberiya don kashe wutar yaƙin basasa.

Na uku shi ne tsaro. A watan Disamba na 2016 Adama Barrow ya kayar da Shugaba Yahya Jammeh a zaɓe. Da fari Jammeh ya amince, daga baya ya ƙi sauka. Ƙungiyar ta aika da shugabanni, har da Muhammadu Buhari, don su lallashe shi, abin ya faskara. Aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ran 19 ga Janairu, 2017, aka kuma tura sojojin Senegal da Nijeriya da Gana. Bayan kwana biyu Jammeh ya bar ƙasar, ba a gwabza yaƙi ba.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wajibi ne Gambiya ta karɓa wa ƙungiyar harajin kobo 50 cikin kowace naira 100 na kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Wajibi ne ta daidaita kuɗin kwastanta da na sauran ƙasashe, alhali ta daɗe tana cin riba wajen shigo da kaya da araha ta sayar wa maƙwabta. Haka kuma ɗan ƙasarta yana da ikon kai ƙarar gwamnatinsa gaban kotun ƙungiyar da ke Abuja, an kuwa sha yin haka.

Ba tilas a zaman ƙungiyar. Muritaniya ta fita a 2000, Mali da Burkina Faso da Nijar suka bi baya a Janairun 2025, saura ƙasashe 12. Gambiya ta zaɓi zama, domin abin da ta sallama na ikonta bai kai abin da ta samu ba. Ya kamata jama'a su auna wannan duk lokacin da suka ji ana gardama a kan amfanin ƙungiyar.